Shok ɗin bonet ya mutu: in ƙera rodi ko in sake sayen wani?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masu sani. Motata Camry ce ƙirar 2008, wadda ake kira Muscle. Tun da sanyi ya fara shigowa shok ɗin da ke riƙe bonet suka soma saki. Da farko in na ɗaga sai ya tsaya kamar minti ɗaya, sannan ya riƙa sulalowa a hankali. Shekaranjiya bayan na dawo daga sallar asuba na buɗe don in duba baƙin mai, na sunkuya ke nan na zaro geji, sai ji na yi ƙum a ƙeyata. Allah ya taƙaita, ƙullutu kawai ya fito. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yarona ɗan shekara bakwai yana gefena, ya dafa bakin fenda da hannu biyu yana leƙen inji. Da ba kaina ne ya tare ba, a kan yatsunsa zai sauka.

Bara na sayi na Beljiyam guda biyu a wani shago, ko wata biyar ba su rufa ba. Shi ya sa nake tunanin in shiga Ƙofar Ruwa a yanko mini rodi, mai walda ya lanƙwasa shi a maƙala kamar yadda na Corolla yake, in huta. Wane kauri ya dace? A ina za a ɗaura shi? Kuma tsofaffin shok ɗin in cire su ne ko in bar su?

Garba_Golf4:
Wa alaikumussalam. Allah ya tsare gaba, ya raya mana Sadiq. Ni dai shekarata huɗu da ƙotar fartanya nake tokare nawa, tana cikin but kullum. Ban kashe ko sisi ba. Kada ka wahalar da kanka da walda.

Maman_Hanifa:
Subhanallah. Sannu Abban Sadiq, Allah ya ƙara kiyayewa.

Oga_Mudi_Gareji:
Malam Garba, don Allah ka daina ba mutane wannan shawara. Shekarata ashirin da wani abu ina kanikanci, kuma raunin da na fi gani a gareji bayan ƙunar ruwan lagireto shi ne na bonet. Ba karyewa itacen yake yi ba, zamewa yake yi. Ƙasansa na zaune a kan ƙarfe mai maiƙo, samansa na jingine da fenti mai santsi, babu abin da ya riƙe shi sai nauyin bonet ɗin. Iska ta ɗan ɗaga bonet da kamar faɗin yatsa biyu, shi ke nan itace ya kwanta, bonet ya biyo baya.

A farkon daminar bara a gabana aka yi. Wani yarona yana kwance fulogi, hadari ya taso da irin iskar nan mai zuwa kafin ruwa. Kafin in ce masa fito, gora ta faɗi. Ƙugiyar makullin bonet ta tsaga masa fatar kai, sai da aka yi ɗinki. Tun daga ranar na hana tokare bonet da itace a garejina. Muna da ƙarfe guda biyu masu ƙugiya sama da ƙasa, duk motar da ta zo da mataccen shok da su ake aiki.

Abban Sadiq, tunaninka ba laifi. Rodi yana yi, amma da sharaɗi: ya kama sama, ya kama ƙasa.

Garba_Golf4:
Oga Mudi na ji, amma ni ba na buɗewa in ana iska.

Oga_Mudi_Gareji:
Ranar da mota za ta yi zafi a hanyar Zariya ba za ta tambaye ka ko ana iska ba. Tirela ɗaya ta wuce ka da gudu, iskarta ta isa.

Injiniya_Samaru:
Bari in ɗan yi bayanin abin da ke cikin shok ɗin, don zai amsa tambayoyi da yawa tun kafin a yi su. Bututu ne rufaffe da aka ɗura wa iskar naitirojin da ƙarfi, da ɗan mai kaɗan, sai siririn ƙarfe mai sheƙi da ke shiga yana fita ta cikin wata roba. Wannan robar ita ce rayuwarsa. Duk ranar duniya iska tana ɗan tsiyayewa ta gefenta, ko ana amfani da motar ko tana ajiye. Zafin inji yana busar da robar, ƙura kuma tana manne wa ƙarfen ta shiga tana cin ta. Shi ya sa na Beljiyam bai daɗe maka ba, Abban Sadiq. Ba wai lallai an cuce ka ba ne. Daga jikin wata motar aka ciro shi, wataƙila sa'ar taka, ya riga ya ci mafi yawan kwanakinsa.

Dalilin da ya sa da asuba abin ya same ka kuwa, sanyi ne. Ƙarfin iskar da ke rufe yana raguwa idan ta yi sanyi. Daga digiri 40 na tsakar rana zuwa digiri 10 na asubar hunturu, kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin ya tafi. Sabon shok ba zai damu ba don yana da rara. Wanda ya riga ya gaji kuwa, da rana zai riƙe har ka ce lafiyarsa ƙalau, da asuba ya sake ka.

Riwaya_Bukuru:
Wallahi haka ne. Mu a nan Jos daga Disamba zuwa Janairu ake gane shok na gaskiya. Motar da ta zo daga Lakwaja bonet ɗinta tsaye, ta kwana ɗaya a nan, da safe sai an riƙe shi da hannu.

Auwal_Sharada:
Injiniya, to tunda iska ce, ba za a iya kai wa mai faci ko mai gas ɗin esi ya ƙara masa ba?

Injiniya_Samaru:
A'a Malam Auwal. Na motoci ba su da bakin ɗuri, a rufe suke zuwa. Sannan ƙarfin ba irin na taya ba ne. Duba jikin shok ɗin za ka ga lamba da harafin N a ƙarshe, misali 400N. Wannan shi ne ƙarfin turinsa, kowane 100N kamar nauyin kilo 10 ne. Idan kaurin ƙarfen milimita 8 ne kuma yana tura 400N, matsin da ke ciki ya kai wajen bar 80 (bar ma'aunin matsin iska ne). Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan kai take ɗauka. Ka ga injin mai faci ko kusa bai kai ba.

Kuma wannan ne dalilin da ya sa nake roƙon kowa: kada a huda shi, kada a yanka shi da giranda, kada a kai masa wutar walda, kada a jefa shi cikin wuta. Wanda ya kasa riƙe bonet ma yana da sauran iska mai yawa a ciki.

Dan_Gwangwan_Kd:
Wannan magana ta ƙarshe a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Mu masu harkar ƙarafa mun sani. Yara kan tara wayoyi su cinna wuta don su fitar da jan ƙarfe, in aka yi rashin sa'a irin wannan abu na cikin tarin, ƙarar da yake yi kamar bindiga. In kun cire, ku miƙa wa mai saye hannu da hannu ku gaya masa ko mene ne, kada ku watsa a bola.

MaiWalda_Panteka:
Abban Sadiq, ni ne mai irin wannan aiki, na yi wa motoci da dama. Ga yadda nake yi.

Kada ka sayi rodin gini mai gurza-gurza. Yana kankare fenti, yana cin hannu, kuma ba ya juyawa daidai a cikin rami. Nemi mai santsi, milimita 8. Na 6 yana lanƙwashewa in ya yi tsawo, na 12 kuma nauyin banza ne, ba zai shiga ramukan da ke cikin bonet ba.

Kafin a yanka komai, wani ya riƙe maka bonet a tsayin da kake so, ka leƙa cikinsa. Bonet fata biyu ne, ta waje mai fenti da ta ciki mai haƙarƙari. A ta cikin akwai ramuka na kamfani. Zaɓi wanda ke kan haƙarƙari mai kauri, wajen gaba, a gefe guda. Daga nan ka auna da tef zuwa inda gindin zai zauna a kan ƙarfen da ke saman lagireto, ka ƙara kamar inci uku na lanƙwasa. Sannan ka auna ta kwance ma, don in ya fi faɗin wurin tsawo ba inda za ka kwantar da shi.

Kan rodin nakan lanƙwasa shi kamar ƙugiya, sannan in liƙa washa da walda kamar inci ɗaya ƙasa da tsinin. Washar ce ke ɗaukar nauyi. In babu ita tsinin zai wuce ya tokari fatar waje, wata rana ka ga ƙurji ya fito a saman bonet ɗinka, sai fanal bita. Gindin kuma nakan naɗe shi zobe, in ɗaure shi a kan wani ɗan ƙarfe mai kusurwa da noti biyu don ya riƙa juyawa amma ba zai kwance ba. Ɗan ƙarfen kuma a kan bol ɗin da ke jikin motar tun asali nake ɗaure shi. Ba na huda mota in ba dole ba.

Ƙarshe, zura masa guntun tiyon mai a tsakiya inda hannu ke kamawa. Wanda ya taɓa damƙar rodi bayan tafiyar Kaduna zuwa Kano ya san dalili.

Abban_Sadiq:
Allah ya saka da alheri Oga. Wannan washar ko kusa ba ta zo mini a rai ba.

Riwaya_Bukuru:
Na yarda da Oga na Panteka, amma akwai abin da ya tsallake, kuma shi ne ɓangarena. Inda rodin zai kwanta bayan an rufe bonet ya fi inda zai tsaya muhimmanci, don awa ɗaya zai yi a tsaye, wata guda a kwance mota na tsalle a ramuka.

An taɓa kawo mini wata mota da igiya, mai ita ya ce yana cikin tafiya hayaƙi ya turnuƙe. Da na buɗe, rodi ne aka yi masa, ba a sa masa abin kamawa ba, aka kwantar da shi haka nan. Ya yi ta gurguzawa har ya hau kan batir, ya haɗa kan mai alamar ja da bodi. Rodin ya yi ja kamar a maƙera, ya narkar da murfin batir, wayoyin kusa duk sun soye. Allah ne ya sa bai kai tiyon fetur ba. To dole a sa masa kilif na roba da zai damƙe shi, kuma ya yi nesa da batir, da fanka, da bel, da bututun esi, don wannan na alminiyam ne, gugar yau da gobe tana huda shi.

Na biyu, a kan wancan ƙarfen na gaban lagireto motoci da yawa suke da na'urar da ke jin karo ta tayar da iyabag, jakar iskar da ke kare mutum in an yi hatsari. Duk wayar da ka gani da kan ruwan ɗorawa, ka yi nesa da ita. Kuma a yi waldar a ƙasa a kawo a ɗaura. Kada a jona wutar walda a jikin mota batir na haɗe, biren bos, wato kwamfutar motar, ba ya yafe wannan.

MaiWalda_Panteka:
Gaskiya ne, na manta da kilif. Ni na tsohuwar Corolla nake nema a wurin 'yan fasa mota. Waya ko tsumma ba sa yi.

Hafiz_Apo:
To in dai za a je wurin 'yan fasa mota neman kilif, me zai hana a sayo rodin gaba ɗaya? Na Corolla, na Sienna, na Hilux, na Golf 3, duk sanda ce kamfani ya sa musu. Ka tafi da awonka ka zaɓi wanda ya yi kusa, ka ce a haɗo maka da robar gindinsa da kilif ɗinsa. An riga an yi masa ƙugiya, an yi masa fenti. Gyara kaɗan zai buƙata.

Oga_Mudi_Gareji:
Wannan ita ce shawarar da ta fi duk wadda aka bayar zuwa yanzu, har da tawa.

Maman_Hanifa:
Ku yi haƙuri in sa baki, duk maza ne ke magana kuma duk kun manta abu ɗaya. Shok ba riƙewa kawai yake yi ba, yana taya ka ɗagawa. Ni malamar makaranta ce, maigidana yana aiki a wani gari, ni nake duba ruwa da mai kowace safiya kafin in kwashi yara. Lokacin da na motata suka mutu, sai in ɗaga bonet da hannu biyu, in tokare shi da kafaɗa, in lalubo sanda da hannu ɗaya, hijabi na jan ƙura. Sau biyu yana kuɓuce mini. Daga baya sai na ga na fara tsallake dubawar saboda wahalar, har wata rana ruwa ya ƙare ban sani ba. Da aka sa mini sababbi, da yatsu uku nake ɗagawa. Abban Sadiq, in Maman Sadiq tana tuƙa motar nan, ka tambaye ta kafin ka yanke hukunci.

Abban_Sadiq:
Hajiya kin faɗi gaskiya. Tana tuƙawa, kuma ban tambaye ta ba.

Alhaji_Dillali:
Ni ta fuskar kasuwa zan yi magana. Mai saye in ya buɗe bonet ya ga rodin walda a motar da ya san da shok take zuwa, ba rodin zai gani ba. Zai ce wanda ya kasa canza wannan ɗan abu, ya ya yi da man giya? Nan take zai rage maka abin da ya ninka kuɗin shok sau goma. In za ka mutu da motarka, sa rodi. In kana da niyyar sayarwa, sayi sabo.

Baba_Tsohon_Direba:
'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu. Ni na fara tuƙi da Fijo 504, irin waɗanda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975. Sanda ce da ita, ba mu taɓa sanin wai abin riƙe bonet yana mutuwa ba. Daga baya na yi shekara goma sha ɗaya ina jan wani Alhaji a Marsandi V-boot. Ita kuma sifirin ne a jikin hinjinta, babu iska babu mai. Akwai ɗan ƙarfe a jikin hinjin, in ka sake shi bonet ya miƙe tsaye cak yana kallon sama, bakanike ya shiga ya fita ba ya sunkuyar da kai. Har aka sayar da motar sifirin nan bai gaji ba. Abin da ke ba ni mamaki da motocin yanzu, an ɗauki abin da ba ya lalacewa an musanya shi da mai lalacewa.

Injiniya_Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Hinjin V-boot kam aiki ne na gaske. Amma sifirin yana cin wuri kuma yana da nauyi, gaban motocin yanzu kuwa a cushe yake. Shok ɗin kansa ba sabon abu ba ne, kamfanin Stabilus na Jamus ya daɗe yana yin su tun shekarun 1960, kuma na ainihi yakan yi shekaru masu yawa. Na motar Abban Sadiq na asali ai sun yi fiye da shekara goma kafin su gaji. Matsalarmu ita ce me ake kawo mana kasuwa a madadinsu.

Baba_Tsohon_Direba:
Na yarda ɗana. Amma sanda ba ta da na ainihi da jabu.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan kafo muke ce ma bonet. Abin da munka gani, zahi da ƙura su ke kashe shi da wuri, balle motar da ke shiga daji. Wata dabara da masu gareji ke yi nan, sai a samu guntun tiyon ruwa mai tauri, a tsaga shi ta tsawo, a yanke daidai tsawon ƙarhen da ke hitowa. In an ɗaga kafo sai a sanya shi bisa ƙarhen, ba ya iya komawa ciki. In an gama a cire a aje. Ba walda, ba huji.

Auwal_Sharada:
Wannan dabara ta burge ni. Ni da lokin filaya nake damƙe ƙarfen, haka na ga ana yi.

Oga_Mudi_Gareji:
Auwal, filaya tana tauna ƙarfen. Da zarar ya sami tabo, duk shigar da zai yi sai ya yanki robar. In shok ɗin ya riga ya mutu murus ba asara, amma in da sauran rai ka ƙarasa shi.

Dabarar Malam Issoufou tana yi a matsayin ta wucin gadi, amma akwai tarko. Shok yana zaune ne kusa da hinji, nan kuwa nauyin ya ninka. Ka gwada riƙe ƙofa a kusa da hinjinta ka ji bambanci da riƙe ta a bakinta. To in ka manta da tiyon a ciki, ko yaron gidan mai ya zo ya danno bonet da ƙarfi don ya rufe, ba tiyon ne zai ba da kai ba. Ko bonet ya lotsa a daidai wurin, ko hinji ya karkace, ko ƙwallon da shok ke kamawa ya tsinke. Na gyara irin wannan ya fi a ƙirga. Rodi a gaba ya fi aminci, don kowa yana ganinsa kafin ya danna.

Issoufou_Maradi:
Gaskiya ta, Oga. Shi ya sa muke ɗaura mashi jan ƙyalle.

Zongo_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Nan Suame Magazine komai na mota ana ƙera shi, rodin bonet kam ba a ɗauke shi aiki ba. Amma tambaya ta uku da Abban Sadiq ya yi ba wanda ya amsa. Zai cire tsofaffin ne ko zai bar su?

MaiWalda_Panteka:
Ya bar su. Ko sun gaji suna da sauran ƙarfi, za su rage wa Hajiya nauyin ɗagawa. Kuma su ne ke hana bonet wuce iyaka. In ka cire su iska ta bugo ta gaba, bonet zai iya tafiya baya ya daki waifa ko gindin gilashi.

Hafiz_Apo:
Ni kuma na ce in ɗaya ya fara ciza ko ƙarfensa ya lanƙwashe, a cire duka. Wanda ke cizawa yana murɗa bonet gefe guda. Na taɓa ganin bonet da ba ya zama daidai da fenda saboda haka, gefe ɗaya yatsa na shiga.

MaiWalda_Panteka:
In yana cizawa kam a cire. Ni wanda ya yi laushi kawai nake nufi.

Sani_Spare:
Ni mai sayar da kayan mota ne, kuma ba talla na zo yi ba, ba zan faɗi shagona ba. Ina ganin an yanke wa sabon shok hukunci ba a saurare shi ba. Yawancin waɗanda ke dawowa da kuka, kuskure uku suke yi. Wani ya canza guda ɗaya ya bar ɗaya, sabon ya ɗauki aikin biyu ya mutu da wuri. Wani ya zo ba tare da tsohon ba, a ba shi wanda ya yi kama. Wani kuma a ba shi na but, wanda ya fi ƙarfi nesa, ya je yana kokawa da bonet wajen rufewa har ƙwallon ya fita. Ka ciro naka, da sukundireba mai faɗi ake ɗan ɗaga ƙarfen da ya zagaye kansa sai ya fito, amma wani ya riƙe maka bonet. Ka zo da shi a gwada tsawo, a duba lambar N. Wanda ka iya dannawa da hannu cikin sauƙi, ko ka ga mai a jikin ƙarfensa, ajiye shi. In za ka ɗaura, bi yadda na kamfani yake fuskanta, kada ka juya shi. Kuma kada a shafa masa giris, ƙura yake tarawa. Tsumma mai tsabta ya isa.

Garba_Golf4:
Malam Sani, sababbin ma ai akwai na wata uku.

Sani_Spare:
Akwai, ba zan yi maka musu ba. Kala-kala ake kawowa kuma kwalin duk kyakkyawa ne. Abin da zan ce, ka saya inda za ka iya komawa.

Abban_Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Na yi magana da Maman Sadiq jiya da dare. Ashe ita ma ya taɓa sauko mata a hannu a gidan mai, ba ta faɗa mini ba. Ta ce ita dai a sa wanda zai ɗaga da kansa. Ni kuma gaskiya ko sabo aka sa, ba zan ƙara sa kaina a ƙarƙashin bonet ina dogaro da iska ba, tunda Injiniya ya ce kullum tsiyayewa take yi kuma ba ta sallama. Yau da safe na je wurin 'yan fasa mota da awona, na samo rodin Corolla da kilif ɗinsa, amma ya gaza da kamar inci biyu. Oga na Panteka, a ƙara masa da walda ko in nemi wani?

MaiWalda_Panteka:
Kada a ƙara a tsakiya, nan ne yake ɗaukar lanƙwasa. Ka ɗaga gindin da ɗan ƙarfe mai kusurwa, ko ka duba wani ramin a bonet da ya ɗan fi matsowa baya. Inci biyu ba wani abu ba ne, in dai kanka ba ya taɓawa. Turo hoton gaban injin in gani.

Alhaji_Dillali:
Wato shok da rodi duka za ka haɗa? To aƙalla a fesa masa baƙin fenti ya yi kamar na kamfani.

Riwaya_Bukuru:
Batirin Muscle yana gaba ta ɓangaren direba. Ka sa gindin rodin a ɗaya gefen, kuma ka tabbata tsininsa bai kai can ba in ya kwanta.

Garba_Golf4:
Oga Mudi, irin ƙarfen nan naku na gareji mai ƙugiya sama da ƙasa, tsawonsa nawa ne? Golf ɗina guda ɗaya ne shok ɗinsa, ina so in ga ko zai yi mini.

Oga_Mudi_Gareji:
Kowace mota da nata. Kawo ta gobe bayan azahar a auna.